Haras ko Sojan Ƙasa?

Matashin Bahaushe mai takardar ɗan ƙasar Saudiyya a Makka, in yana son kaki, yakan tsaya tsakanin gida biyu. Sojan ƙasa na ƙarƙashin Ma'aikatar Tsaro, aikinsu kare iyaka. Haras al-Watani kuwa, wato rundunar tsaron masarauta da cikin gida, gadon mayaƙan ƙabilu ne da suka bi Sarki Abdul'aziz, wanda ya kafa Saudiyya. Daga nan "afwaj" suka fito, rundunonin ƙafa da ake kira in ta ɓaci, da farar jallabiya aka san su. Haras ce ta fara bikin al'adun gargajiya na Janadiriyya a 1985, ta gwabza da sojojin Iraƙi a garin Khafji a 1991, Sarki Abdullah ya jagorance ta har 2010. Ni dai a ganina, wanda ba ƙabila a bayansa zai fi sakewa a sojan ƙasa.