Gargaɗi ga masu neman lasisin dillancin gidaje a New York

Dala 850. Wallahi har yanzu in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Dala 850 na tura wa wani mai kiran kansa shugaban makarantar koyon dillancin gidaje ta intanet, ashe ɗan damfara ne.

Kada wani ya ce gaggawa na yi. Na yi tambaya. Na ce masa, "Malam, hukuma ta san da ku?" Ya ce, "Haba Alhaji, duba ƙasan shafinmu." Na duba, ga tambarin ARELLO, ƙungiyar da ke tantance irin waɗannan kwasa-kwasan na nesa. Wa zai ga tambari ya kawo a ransa liƙa shi kawai aka yi? Ga bidiyon darussa, ga murya a natse, har da "insha Allah" a kowace magana. Wannan "Haba Alhaji" ita ke ta yi min yawo a kai.

Dillalin da zan yi aiki a ƙarƙashinsa ne ya gano. Yana kallon satifiket ɗin ya ce awa 75 aka rubuta, alhali tun Disambar 2022 jihar ta mayar da kwas ɗin awa 77. Ya tambaye ni inda na zauna jarrabawar ƙarshe, don ko a intanet ka yi karatu, sai an sa maka mai sa ido. Ni kuwa a waya na yi tawa. Maganar kuɗin kuwa, bayan na biya 500 na farko ne ɗan damfarar ya ce in cika 350 "kuɗin rajista da jiha". 500 da 350. Ta Zelle, manhajar tura kuɗi, shi ya sa banki suka ce ai ni na tura da hannuna.

Muka bi jerin makarantun da Department of State ta New York, hukumar da ke ba da lasisin, ta amince da su, babu sunansa. Babu! Lambarsa a kashe, ya toshe ni a WhatsApp.

Hotunan hirarmu da rasit duk suna nan, zan ɗora su da daddare in na rufe sunana.

Ku duba jerin jiharku kafin ku biya, kowace jiha da nata, Texas ma awa 180 take nema. Kuma dai na san ba ni kaɗai ba ne, mun fi goma a rukunin ɗalibansa. Duk wanda ya tura masa kuɗi ya yi min magana, mu kai ƙara tare.