Hattara da masu cewa "birenbos ɗinka ya mutu" bayan an sa wa mota gas

Assalamu alaikum. Saƙon nan na masu motoci ne, musamman waɗanda suka sa wa motarsu kayan gas na CNG da waɗanda ke shirin sawa. Sana'ata wayarin mota, kuma akwai wata cuta da ta fara yawa a harkarmu, wadda in na yi shiru a kanta ban kyauta ba.

Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a 2024, kowa ya shiga neman mafita. Gas mafita ce, ba ni da ja. Amma kayan gas na zamani suna zuwa da tasu kwamfutar, wadda ake jona wa a wayoyin nozul na fetur don ta riƙa karanta abin da kwamfutar motar ta asali, wato birenbos, take umarta, ita kuma ta buɗe nozul na gas daidai da haka. Mota ta koma mai kwamfuta biyu ke nan, ga sabbin wayoyi birjik a ƙarƙashin bonet. A nan ɓata-gari suka samu ƙofa.

Ga yadda abin yake tafiya. Mutum zai tallata kansa a Facebook ko a zaurukan WhatsApp na direbobi, da hotonsa riƙe da laftof, yana cewa har gida yake zuwa, kuma farashinsa ya fi na kowa sauƙi. Ya haɗa maka kayan, mota ta tashi lafiya. Bayan 'yan kwanaki sai ta fara rawar silo, tana fizga idan fankar lagireto ta kama ko an kunna AC, fitilar cek ta kawo, wani lokaci ta riƙa komawa fetur da kanta tana ƙara. Ka kira shi. Ya jona na'ura, ya juyo maka da fuskarta ka ga lambobi reras, ya girgiza kai.

"Alhaji, sensar totur ce ta tafi. Allah ya taimake ka ina da ta Beljiyam a but."

Ka biya. Bayan mako guda sensar MAP, mai auna matsin iskar da ke shiga inji. Daga nan ta zafin ruwa, sannan ta salansa. Kowace ya cire sai ya jefa a jakarsa, wai ta mutu ba ta da amfani, alhali lafiyarta ƙalau, kuma ita zai sayar wa na gaba a matsayin ta Beljiyam. Idan ya ga ka gaji, ka fara cewa ko nawa ne a yi a gama, sai ya sauke babbar: "Gaskiya ranka ya daɗe, birenbos ne. Sai an yi odarsa daga kasuwar Ladipo ta Legas. Ka turo rabin kuɗi, ka bar min motar ta kwana."

Abin da ya sa cutar nan take da wuyar ganewa shi ne motar tana dawowa garau. Domin a daren da ta kwana a wurinsa, ya kwance noti ɗaya, ya goge wurin da samfefa, ya mayar da waya inda ya kamata tun farko ta zauna, ya ɗaure. Birenbos ɗinka kuwa ko dai ya wanke shi ya mayar, ko ya musanya maka da wani irinsa ya ajiye naka. Kai kuma kana ta godiya, har kana tura masa abokanka.

Wayar da ya gyara ita ce ta at, wadda wuta ke bi ta koma kan negetib na batir. Bari in ɗan tsaya a kanta, don duk wanda ya fahimci wannan ba a ƙara yi masa irin wannan wasan.

Yawancin sensoshin inji irin na totur da MAP wayoyi uku gare su: ɗaya ta kawo volt 5 daga kwamfuta, ɗaya ta mayar da saƙo, ta ukun ita ce at ɗin sensa. Kwamfuta ba ta ganin iska ko zafi ko ƙafarka a kan totur, wuta kawai take aunawa, kuma daga kan wayar at ɗin nan take fara ƙirga. Sensar totur tana ba da kusan volt 0.5 idan ba a taka ba, ta kai wajen 4.5 idan an take har ƙasa. Sensar oksijin ta salansa irin ta da kuwa tsakanin 0.1 da 0.9 take wasa gaba ɗaya. To idan at ɗin ya kauce da 0.2 ko 0.3 kacal, ai ka ga lissafi ya rushe. Kamar sikelin mai nama ne da allurarsa ba ta kan sifili tun kafin a ɗora komai: duk abin da aka auna ƙarya ne, kuma ba laifin naman ba ne.

Me ke sa ya kauce? Tsatsa a ƙarƙashin noti, ko fenti, ko giris. Ko kuma saƙaƙƙiyar wayar nan mai kauri da ke tsakanin inji da bodi, wadda ake yawan mantawa da ita bayan an sauke inji ko giyabos. A motocin gas kuwa babban abin da nake tararwa shi ne mai haɗawa ya ji ƙyuyar jan waya har batir, sai ya fere wata siririyar waya da ya gani kusa ya murɗa at ɗin kwamfutar gas a jikinta. Idan aka yi rashin sa'a wayar at ɗin sensoshi ce, to duk wutar da nozul na gas da solenoid, wato bawul mai buɗe wa gas hanya, ke ja ta nan za ta bi, kuma ba a yi wayar don wannan nauyin ba. Lissafin mai sauƙi ne: turjiyar ohm 0.01, wadda ƙaramar mita ma ba ta iya nunawa, idan amp 20 na fanka ya bi ta kanta, volt 0.2 ya salwanta. Shi ya sa motar ke fizga daidai lokacin da fanka ta kama.

Akwai alamar da ke tona asiri tun daga kan na'urar da yake nuna maka. Idan lambobi irin P0123 na totur, da P0108 na MAP, da P0118 na zafin ruwa suka fito tare, dukkansu cewa suke wuta ta yi yawa a layin saƙo. Sensa uku ba sa haɗa baki su mutu rana ɗaya. Abin da suka haɗa shi ne wayar at, ita ake fara bi. Haka nan idan na'ura ta nuna zafin ruwa -40 a tsakiyar zafin Kano, layi ne ya yanke. Lamba tana faɗin layin da ke da matsala ne kawai, ba ta taɓa cewa a sayi sabon kaya ba.

Kwanakin baya wani direban haya ya kawo min Corolla, an riga an canza masa sensa uku, an kuma yanka masa kuɗin birenbos, yana neman wanda zai ranta masa. Na buɗe bonet na bi wayoyin gas ɗin. Baƙar wayar kwamfutar gas tana murɗe a jikin wayar sensa, ba dalma, an naɗe da baƙin tef wanda zafi ya narkar har yana danƙo a yatsa. Kan batir na negetib kuwa ya yi farin gari, da hannu na juya shi. Muka ja waya har batir, muka gyara inda aka fere, muka wanke kan batir muka ɗaure. Ya ce, "Oga, shi ke nan?" Na ce ya je ya zagaya da AC a kunne ya dawo. Da ya dawo bai ce komai ba, sai kiran lambar mutumin yake, tana kashe.

Ba na cewa duk wanda ya canza sensa ba ta gyaru ba macuci ne. Da yawa rashin sani ne, sun saba da canza kaya har a dace. Kuma birenbos yana mutuwa da gaske, har ma lalataccen at na iya ƙona shi, domin kik yana jan sama da amp 100, idan bai samu hanya mai kauri ba sai ya nemi sirara. Amma wannan ma hujja ce a kansu: wanda ya sa sabon birenbos bai duba at ba, ya ajiye shi ne a layin mutuwa. Bambancin jahili da macuci yana fitowa idan ka ce a auna a gabanka. Na farko zai ɗauko mita ko ya kira wanda ya iya. Na biyu zai fara faɗa, wai kana raina masa sana'a.

Awon ba ya cin minti goma. A tayar da mota, a kunna fitilu da AC. A sa mita a kan volt na DC, baƙin tsinke a kan dalmar negetib ta batir ita kanta, jan kuma a jikin ƙarfen inji. Kada ya wuce 0.2. A maimaita da bodi, sannan da wayar at ta sensa, ita ana so ta tsaya ƙasa da 0.1. Kada ka yarda da gwajin da mita ke yin ƙara mota a kashe, don ko silin waya ɗaya ya rage za ta yi ƙarar. In babu mita, a ɗauki wayar jan batir guda ɗaya, a maƙala baki ɗaya a negetib, ɗayan a ƙarfen inji mai tsabta, a kiyaye kada ta taɓa fozitib ko belt. Idan silo ya daidaita nan take, ka san inda ciwon yake.

Kafin motarka ta kwana a hannun kowa, ɗauki hoton takardar da ke manne a jikin birenbos da lambobinta, ka kuma yi masa wata alama da ƙusa a inda kai kaɗai ka sani. A motoci masu makullin tsaro, canza birenbos na gaskiya yana buƙatar a sake haɗa shi da makulli, to tambaye shi yadda ya yi wannan, ka saurari amsar. Duk kayan da aka cire naka ne, karɓi abinka ko da an rantse ya mutu. Kada ka tura kuɗin oda zuwa asusun da sunansa ya saɓa da na mai aikin, kuma wanda ba shi da rumfar da za ka same shi gobe, bai kamata ya taɓa tukunyar da ake ɗura wa gas har matsinsa ya kai bar 200 ba.

Wanda aka riga aka yi wa, ya adana shaidar tura kuɗi da saƙonnin da suka yi. Idan mutumin yana da gareji, a fara da shugabannin garejin ko na ƙungiyar makanikai ta NATA, sau da yawa a nan ake fitar wa mutum haƙƙinsa. In abin ya faskara, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, tana karɓar ƙorafi, ga kuma 'yan sanda idan an musanya maka birenbos, domin wannan sata ce.