Sharhi kan yawon buɗe ido na rabin yini zuwa My Son daga Hoi An

Na biya kuɗin wannan tafiya a wani ƙaramin ofishin 'yan yawon buɗe ido a Hoi An, ƙasar Vietnam. Mota ta ɗauke mu da sassafe, tafiyar kusan kilomita 40. Motar ba laifi, akwai sanyi da ruwan sha. Amma abin da ya sa na ce kuɗina bai tafi a banza ba shi ne ɗan jagoran da aka haɗa mu da shi.

My Son kango ne na gidajen bauta da mutanen daular Champa suka fara ginawa tun ƙarni na 4, cikin wani kwari da duwatsu suka kewaye. A 1969 jiragen Amurka suka yi wa wurin ruwan bama-bamai, har yau ramukan na nan, ciyawa ta rufe su. A bakin ɗaya daga cikinsu jagoran ya tsaya ya ba mu labarin Kazimierz Kwiatkowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Poland, wanda mutanen yankin ke kira Kazik. Ya zo a farkon shekarun 1980, lokacin daji ya cinye wurin, ga nakiyoyi binne a ƙasa. Shekara da shekaru yana aiki tare da ma'aikatan Vietnam, suna sare kurmi, suna tono tubalin da ya zube, suna tokare bangon da ke shirin faɗi.

Sai jagoran ya sa muka matsa kusa da wani bango. Tsohon jan tubali ya haɗu ƙam, ko allura ba ta shiga tsakani, ba ka ganin alamar kwaɓi. Inda aka yi gyara kuwa a fili yake, ba a ɓoye shi ba. Ya ce haka Kazik ya ɗauki aikin: a ceci abin da ya rage, kada a ƙirƙiro sabo a ce na da ne. Wallahi wannan ya shiga raina.

Ƙorafina ɗaya ne: gaggawa. Ba mu gama duba ɗakunan da aka ajiye sassaƙe-sassaƙen dutse ba aka ce mu tashi kallon rawa, daga nan sai shagon tsaraba. Da na samu ƙarin awa ɗaya, da na fi jin daɗi. Wanda zai je ya nemi motar farko, domin hantsi na yi, zafi da cunkoso sun sauka.

Kazik ya rasu a 1997 a birnin Hue yana tsaka da aikin gyara, shekara biyu kafin UNESCO ta sa My Son da Hoi An cikin wuraren tarihi na duniya. Da yamma na nemi mutum-mutuminsa a titin Tran Phu na Hoi An, cikin wani ɗan lambu, na zauna a gefe har aka kunna fitilu.