Yawon Sian Ka'an ta hannun wani dillali a Tulum: tauraro uku, su ma da ƙyar

Na sayi tafiyar nan ta zuwa Sian Ka'an, wani gandun daji mai tafkuna da aka killace, a wani shagon 'yan yawon buɗe ido a Tulum, kudancin Meziko, don takardarsu ta ce kuɗin yana shiga hannun 'yan ƙabilar Maya na Muyil, wani ƙauye a bakin gandun. Tun wajen biya na ce wa mai shagon ba na cin alade. Ya ce ba komai, har da rubutawa a rasit.

Da azahar, mun fito daga ruwa yunwa na cin kowa, aka buɗe ganyen ayaba sai ga cochinita pibil, naman alade da ake gasawa cikin rami. Ashe saƙona bai wuce teburin mai shagon ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, na koma gefe da gorar ruwana.

Wata dattijuwa cikin masu girkin ta lura ban sa hannu ba. Jagoranmu ya yi mata bayani da harshen Maya, ba ta ce uffan ba, ta koma murhu. A gabana ta tafa wainar masara da tafin hannu, ta wanke kasko tas, ta ɗaga mini kwalbar man girki don in tabbata ba kitsen alade ba ne, sannan ta soya ƙwai da ganyen chaya, mai ɗanɗanon alayyahu. Na miƙa mata kuɗi ta ƙi karɓa, sai na sayi zumarsu ta ƙudan melipona, waɗanda ba sa harbi. Wallahi a wannan lokacin tauraro biyar na yi niyyar bayarwa.

Gandun kansa ba shi da makusa. Tun 1986 aka killace shi, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi a jerinta na wuraren gado na duniya a 1987, kuma masu kwale-kwalen ba sa wasa da doka: an hana mu shafa man kare rana kafin mu shiga mashigin da ruwa ke jan mutum a hankali.

Amma a hanyar dawowa matuƙin kwale-kwalen ya gaya mini abin da ƙungiyarsu ke karɓa idan mutum ya zo musu kai tsaye. Na yi lissafi, na ga rabon dillalin nan bai dace da wanda ya kasa isar da saƙo ɗaya ba. Mai niyyar zuwa ya hau motar haya daga Tulum ya sauka a Muyil, ya biya su hannu da hannu, ya kuma faɗi maganar abincinsa da bakinsa.