Kafin ka sayi na'urar sarrafa zafi da sanyin gida, duba wayoyin lantarkinka

Masu saye kan fara da tambayar wanne ya fi tsakanin na'urorin zamani irin su Nest, ecobee da tado°. Ba daga nan ake farawa ba. Injin da ke ɗumama ko sanyaya gidanka shi zai yanke maka hukunci.

Idan inji ɗaya ne ke hura iska ga duk ɗakuna, kashe wuta, cire fuskar tsohuwar na'urar bango, ka ɗauki hoton wayoyin. Sirara masu alamar R, W, Y da G na nufin volt 24 ne, Nest da ecobee za su hau. Sai ka nemi wayar C, wadda ke ba na'urar wuta ba yankewa. In babu ita, wasu na'urorin kan tsotsi wuta ta sauran wayoyin, batir ya riƙa rauni, Wi-Fi ya riƙa ɗaukewa, injin ma ya dinga tashi yana mutuwa. ecobee na da ɗan akwatin da ke cike wannan giɓi. Amma in ka ga wayoyi masu kauri, volt 120 ne ko 240. Kada ka haɗa Nest ko ecobee da su, sai na'ura irin ta Mysa.

Mai esi na bango da rimot ba ya buƙatar taɓa waya ko ɗaya. Na'urar Sensibo da makamantanta suna kwaikwayon rimot ne da hasken infrared, don haka dole ya zama babu abin da ya tare tsakaninsu da esin. Aibinsu ɗaya: umarni suke aikawa, ba sa jin amsa. Wani ya kashe da rimot daga lungu, manhajar wayar salularka na iya ci gaba da nuna maka yana aiki.

Gida mai tukunyar ruwan zafi da radiyeta masu ɗumama ɗaki ya fi cin riba da kan bawul mai batir, kowane ɗaki da ma'auninsa. Yawancin bawul girman zaren murɗinsu M30 x 1.5 ne, saura sai da mahaɗi. Tambayi ko tukunyar na jin OpenTherm, wato tsarin sadarwa tsakanin tukunya da na'urar, domin da shi ake rage wutar a hankali maimakon kunna-kashe.

Batun haɗi kuwa, Wi-Fi ya fi sauƙin saitawa amma yana cin batir, kuma galibi 2.4 GHz kaɗai yake kamawa. Zigbee, wata hanyar haɗi mara waya, na buƙatar akwatin haɗi, sai dai jadawalinka kan ci gaba ko intanet ya ɗauke. Alamar Matter, ƙa'idar da ta fito a 2022 don na'urorin kamfanoni daban-daban su yi aiki tare, tana rage maka ɗaure kai ga kamfani guda.

Ko wacce ka ɗauka, kafa ta a bangon ciki, kimanin mita 1.5 daga ƙasa, nesa da rana da murhu. In ba haka ba zafin bangon za ta auna, ba na ɗakin ba.