Madubin USB da na saya saboda malam-buɗe-littafin dare mai zanen wuƙa

Gardama ce ta sa na sayi wannan madubi mai ƙara girman ƙananan abubuwa. A watan Yuli, wajen sha ɗaya na dare, wani malam-buɗe-littafin dare ya sauka a gilashin tagar kicin ɗinmu a nan Ingila. Launin toka ne, faɗinsa idan ya buɗe fiffike bai wuce santimita 4 ba, kuma a kowane fiffike akwai baƙin zane kamar an ɗauki alƙalami an zana 'yar wuƙa har da ƙotarta. Na kife shi da kofi. Da safe na kai wa maƙwabcina, wani dattijo da ya shekara da shekaru yana kafa tarkon fitila a bayan gidansa yana rubuta abin da ya faɗa ciki. Kallo ɗaya ya yi masa ya ce ɗaya daga cikin biyu ne, kuma babu mahaluƙin da zai faɗa mini wanne ne da ido kawai. Na ce a raina, ai ido ne ya gaza, na'ura ba za ta gaza ba.

Biyun da yake nufi su ne Acronicta psi da Acronicta tridens. Na farkon masanin halittu Linnaeus na Suwidin ne ya raɗa masa suna a 1758, saboda zanen nan ya yi kama da harafin Girkanci da ake kira psi. Na biyun masana Denis da Schiffermüller suka bayyana shi a birnin Biyana a 1775. Daga baya, a 1816, wani masani, Ochsenheimer, ya kafa rukunin Acronicta, wanda yanzu ya ƙunshi jinsi kusan 150, akasari a ƙasashen arewacin duniya masu sanyi, cikin babban dangin Noctuidae. Turawa suna ce wa psi mai toka-toka, tridens kuma mai duhu, amma sunan yaudara ne. Sau da yawa mai tokan yakan fi mai duhun duhu, musamman a birane.

Madubin irin wanda ya cika shagunan intanet ne, ba shi da wani suna da za a tuna. Tsawonsa kamar ƙaramar tocila, da ƙwayayen fitila 8 kewaye da bakinsa, da wani zobe da ake murzawa don daidaita gani, da igiyar da ake sokawa a kwamfuta. A jikin kwalin an rubuta yana ƙara girma sau 1000. Wannan dai magana ce ta 'yan kasuwa. Na ɗora rula a ƙarƙashinsa na gwada, abin da ya nuna bai ko kama hanyar haka ba, sai dai idan girman allon kwamfutar suka haɗa a lissafin.

Amma a ba shi haƙƙinsa. Sa'ad da fiffiken ya fito a allo sai da na kira kowa a gidan. Garin nan da ke manne wa mutum a yatsa idan ya taɓa malam-buɗe-littafi, ashe ƙananan ɓawo ne jere bisa jere, kowane yana hawa kan na ƙasansa, bakinsa da tsage-tsage kamar haƙoran zarto. Tokar da nake gani da ido ba toka ba ce, farare ne da baƙaƙe da masu ruwan ƙasa a cakuɗe. Ita kuwa wuƙar, layuka ne na baƙaƙen ɓawo zalla, kaifinta ba shi da santsi ko kaɗan, wani ya leƙo nan, wani ya noƙe can. 'Yata ta tsaya shiru, sannan ta ce, "Abba, ai kamar gashin tsuntsu." Mun fi rabin awa muna kallon abin da bai kai faɗin farce ba.

Kafin a kai ga wannan kallo kuwa an sha fama. Ƙafar da aka haɗo da shi ta roba ce, mara nauyi. Kana taɓa zoben sai hoton ya yi tsalle, abin da kake nema ya bar allo. Da littattafai biyu da salatif na tokare ta. Fitilun sun cika haske, suna sa ɓawon ƙyalli har launi ya ɓace, sai da na rage su na rufe bakin da farar takarda mai laushi. Sannan zurfin ganinsa kaɗan ne: idan kai ya fito sarai, fiffike ya zama hazo. Ga shi abu mai rai ba ya tsayawa. Maƙwabcin ya ce in sa shi a 'yar kwalba in ajiye a firiji na ɗan lokaci, sanyi zai kwantar da shi ba tare da ya mutu ba. Dabarar ta yi aiki, sai dai uwargida ta buɗe firijin kafin in yi mata bayani. "Malam, yanzu har ƙwari muke sanyayawa?" Ban da abin cewa.

Sunan da na sayi madubin dominsa fa? Ban samu ba. Na ɗauki hotuna sun fi talatin, na tura wa masu tantance irin waɗannan bayanai, amsarsu ɗaya da ta dattijon. Zanen fiffike ba ya raba su. Akan ce fiffiken baya na namijin tridens ya fi fari tas, amma alama ce kawai, ba hujja ba. Bambancin da ake yarda da shi yana ga gaɓoɓin haihuwa, a siffar abin da namiji ke riƙe mace da shi a ƙarshen cikinsa. Ƙwararru kan duba na namiji da ɗan madubin hannu, mace kuwa sai an feɗe ta. Ni hannuna bai kai nan ba, kuma da ƙafar nan mai rawa ba zan fara koyo a jikin mai rai ba. Shi ya sa a rajistar da ƙungiyar Butterfly Conservation ke tattarawa a Birtaniya, irin wannan akan shigar da shi da sunaye biyun a haɗe. Haka na rubuta nawa, da magariba na sake shi.

Abin dariyar, a watan Satumba ina duba bishiyar tuffa da ke bayan gida sai ga tsutsa kwance a kan ganye, tana da gashi jefi-jefi. Faffaɗan layi rawaya ya bi gadon bayanta, gefenta baƙi da ɗigo-ɗigo ja, kusa da kai kuma wani dogon baƙin tozo ya miƙe kamar ƙaho. Wannan psi ce, ko daga nesa. Tsutsar tridens layin bayanta fari ne da ruwan lemo, tozonta gajere. Jinsi biyun da manyansu suka gagari na'ura, 'ya'yansu yaro ma zai raba su. Kuma a nan madubin ya sake burge ni, don tsutsa ba ta tashi: na ga tushen kowane gashi, na ga ƙananan ƙugiyoyin da take kama ganye da su. Ba ta tabbatar mini da sunan baƙon Yuli ba, don duka jinsunan biyu suna cin tuffa.

Wanda ke so ya ga ɓawon fiffike, ko ya nuna wa yara, ya saya, amma ya nemi mai ƙafar ƙarfe. Wanda kuwa burinsa raba jinsuna masu kama da juna, madubin hannu mai ƙara girma sau 10 da zama kusa da wanda ya iya sun fi masa amfani.

Tsutsar tana nan a kwalba a rumfar bayan gida. Na sa mata guntun ruɓaɓɓen itace, ta ci ganye na kwanaki, sannan ta kutsa cikin itacen ta rufe kanta, inda za ta yi lokacin sanyi gaba ɗaya. Idan Allah ya kai mu Yuni ta fito da fiffike, zan samu psi wanda na san asalinsa, in ɗauki hoton wuƙarsa in ajiye kusa da na Yuli.