Gargaɗi: fom ɗin "tallafin ambaliya" da ke yawo a WhatsApp tarko ne

Jama'a, assalamu alaikum. Saƙon nan ya dawo. Shekaranjiya aka turo shi guruf ɗin 'yan unguwarmu, da tambarin NEMA, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, a sama da hoton shugaban ƙasa a gefe, wai gwamnati za ta ba duk wanda ambaliya ta shafa kuɗi, a latsa a cike fom kafin 12 na dare, kuma sai an tura wa guruf 5 kafin rajista ta kammalu. Ina ganinsa na gane shi. Shi ne wanda ya wawushe asusun gwaggona a Maiduguri. Lokacin ambaliyar Mokwa, a jihar Neja, ta ƙarshen Mayun 2025 ma na gan shi, sunan gari kawai aka canza.

Duk wanda ke Maiduguri a ranar 10 ga Satumba 2024 ba ya bukatar a tuna masa. Madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle cikin dare, kogin Ngadda ya shigo gari, ya shanye Gwange da Fori, ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa. Har kadoji da macizai na gidan namun daji na Sanda Kyarimi ruwa ya kwaso ya watsa cikin unguwanni. Rabon garin da irin wannan tun 1994. Sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi da aka rufe sai da aka sake buɗe shi.

Gwaggo a Gwange take. Da zanin jikinta da wayarta ta fito. Keken ɗinkinta, katifa, buhun masara, akuyoyi 3, duk sun tafi. Mu 'ya'yan 'yan uwanta da ke Kano muka haɗa mata naira 85,000 muka tura asusunta, ta samu ta gyara ɗaki ko da guda ne. Kuɗin bai yi mako ba jikanta ya ga wannan saƙo, ya ce bari ya taimaki kaka. Fom ɗin ya nemi suna, lambar waya, BVN, NIN, sannan lambobin gaban katin ATM da guda 3 na bayansa, wai don a san inda za a zuba kuɗin. Yaro ya cike tsaf.

Da la'asar wani ya kira, murya a natse, Hausa tas, har da jaje da addu'ar Allah ya mayar da alheri. Ya ce, "Hajiya, sunanki ya fito a rukunin farko. Yanzu wata lamba za ta shigo wayarki, ki karanto min mu sakar miki kuɗin." Ta karanto. Alat 3 suka shigo a jere, duka na fitar kuɗi. Da na kira ta da daddare cewa ta yi, "Ɗan nan, ruwa ya bar min waya, ashe da ya haɗa da ita da ya fi."

Ku fahimci yadda abin yake. Mai son turo maka kuɗi, lambar asusunka mai lamba 10 da sunan bankinka sun ishe shi. Lambobin kati da lambar sirri ta PIN da wadda banki ke turowa ta tes, wato OTP, duk na cire kuɗi ne. Ko ma'aikacin bankinka ba shi da hurumin tambayar ka su, balle wani da ya kira daga "ofishin tallafi". Sannan ku riƙa duba adireshin shafin: na hukumomin gwamnatin Najeriya da .gov.ng yake ƙarewa. Tambari kuwa, yaron da ke da waya zai ɗauko ya manna cikin minti ɗaya.

Akwai kuma ɓarayin da ke yawo da ƙafa, waɗanda ba ruwansu da intanet. Za ka gan su da riga mai ƙyalli da katin shaida a wuya, suna zagaya inda mutane suka fake da damin takardu, fom naira 2,000, a haɗa da kwafin NIN. Gobe ka neme su ka rasa. Ba a sayen fom ɗin agaji. Rajistar gaskiya a fili ake yin ta, jami'an SEMA, hukumar agajin gaggawa ta jiha, ko 'yan kwamiti su zo unguwa, bulama ko lawan, wato mai unguwa ko dagaci, na tsaye yana shaida cewa wannan gidan wane ne.

Abin da ya fi ci min rai shi ne jita-jitar da ke share musu hanya. Kafin fom ya iso, saƙon murya ke fara zuwa: an raba an gama, bulama ya rubuta danginsa, wanda bai yi sauri ba ya rasa. Mutumin da ya kwana 10 a ajin makaranta da iyalinsa, ya ji haka, ina zai tsaya bincike? A layin su Gwaggo maƙwabta biyu da suka ceci yaran juna a cikin ruwa sun yi wata guda ba sa gaisawa, kowa na zargin ɗan'uwansa ya karɓa ya ɓoye, alhali ba wanda aka ba ko sisi a lokacin. Ba wanke hukuma nake yi ba. Jinkiri gaskiya ne, son kai a wajen rabo ma ana yi, kuma shirun da jami'ai ke yi ba tare da sun fito sun faɗi ranar rabo da wurinsa ba shi ne ke ba ɓarayin nan kasuwa. Amma mai ƙorafi ya tafi wajen bulama ko ofishin SEMA da ƙafarsa, ya tambaya ido da ido.

Ku kuma masu turawa da "ko Allah zai sa a dace", ku sani, wanda ya jefa saƙon a guruf ɗin da jikan Gwaggo ya gani malamin Islamiyya ne, mutumin kirki, shi ya sa yaron bai yi kokwanto ba.

In har ka riga ka cike, kada kunya ta sa ka yi shiru. Yanzu-yanzu ka rufe katin ta hanyar lambar da bankinka ya tanada don haka, da safe ka je reshe da kanka a canza kati da lambar sirri. Kada ka goge saƙonnin da lambar da ta kira ka, ka kai wa 'yan sanda ko EFCC. Mu sai da Gwaggo ta kwana biyu tana ɓoye wa sauran dangi kafin aka je banki, lokacin an riga an kwashe kuɗin daga asusun da aka tura su.